Takobin ado da takobin aiki: Yadda masu tara takubba ke faɗawa tarkon 'yan algus

Akwai wani ɗan gajeren bidiyo da ya shekara fiye da ashirin yana yawo a intanet, kuma da wuya a sami mai sha'awar takubba a Turai ko Amurka da bai taɓa kallonsa ba. A wata tashar talabijin ta tallan kaya a Amurka aka ɗauke shi, ana cikin watsa shiri kai-tsaye. Mai gabatarwa ya riƙe wani takobi samfurin Japan yana ta koɗa shi, sai ya ga ya kamata ya nuna wa masu kallo ƙarfinsa, ya shiga buga shi a kan tebur. Bai yi bugu da yawa ba ruwan takobin ya karye, guntun ya yi tsalle ya soke shi a jiki, ya dafe wurin ya sunkuya a gaban kyamara.

Mutane da yawa dariya bidiyon yake ba su. Masu tara takubba kuwa da shi suke yi wa sababbin shiga gargaɗi, domin irin wannan takobi ne akasarinsu suka fara saya: mai sheƙi, mai araha, mai kube na ƙawa, wanda ba a ƙera shi don ya sari komai ba. A harshensu suna kiran irinsa da sunan da ke nufin abin ratayewa a bango.

Tara takubba harka ce babba a duniya. Wasu tsofaffin takubba suke bi a gidajen gwanjo, wasu sababbi suke saya don wasannin sara da koyon faɗan gargajiya, wasu kuma sun ƙware a kan takubban yanki guda, har da takobin Hausa da na Buzaye da kaskara ta Sudan. Abin da ya haɗa su duka shi ne kusan kowa yana da labarin ranar da ya kwance kwali ya tarar da kuɗinsa sun tafi a banza. Wani asarar ta tsaya a aljihu, wani kuwa sai da ta kai shi asibiti.

Inda ɓarnar take ɓuya

Abu uku ne ke raba takobin kirki da na banza, kuma babu ɗaya daga ciki da ake iya gani a hoton talla.

Na farko shi ne irin ƙarfen. Takobin aiki da baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon ake yin sa. Masu sana'ar suna bambanta ƙarafan da lambobi: 1045 na nufin kabon kusan kashi 0.45 cikin ɗari, 1060 kashi 0.60, 1095 kuma kashi 0.95. Akwai kuma 5160, ƙarfen da ake yin sifirin ɗin mota da shi, wanda maƙera ke so saboda yana lanƙwasa ya dawo daidai. Takubban ado kuwa yawanci da ƙarfen nan marar tsatsa ake yin su, irin na cokula da wuƙaƙen girki, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom da yawa. A gajeriyar wuƙa wannan ƙarfe ba shi da laifi. Amma idan aka miƙar da shi ya kai tsawon takobi, aka taurara shi, sai ya zama mai gautsi, ya riƙa karyewa kamar tangaran maimakon ya lanƙwasa.

Na biyu shi ne horon da aka ba ƙarfen da wuta. Maƙeri yana gasa ruwan takobi har ya yi jajir, zafin ya kai wajen digiri 800, sannan ya tsoma shi cikin mai ko ruwa. Wannan yana taurara shi, amma yana barin sa da gautsi. Dole a sake ɗumama shi da wuta marar ƙarfi don ya sami ɗan laushin da zai hana shi karyewa. Idan aka tsallake matakin farko, takobi zai lanƙwashe a sara ɗaya ya ƙi dawowa, kaifinsa ya naɗe. Idan aka tsallake na biyu, zai tsage ko ya ɓalle. Ma'aikatar da ke fitar da takubba dubbai a farashin araha a nan take rage kashe kuɗi, tunda mai saye ba shi da hanyar ganewa sai ranar da ya gwada.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne wutsiyar takobin, wato ɓangaren ƙarfen da ke shigewa cikin mariƙi. A takobin kirki wutsiyar da ruwan ƙarfe ɗaya ne, mai faɗi, an ƙera su tare. A na banza, sai a yanke ruwan daidai bakin mariƙi, a yi waldar wani siririn rodi mai zare a jikinsa, a ɗaure shi da noti a ƙarshe. Masu tarawa suna kiran wannan wutsiyar ɓera. Duk nauyin sara a kan wannan ɗigon walda yake sauka. Ranar da ya saki, mariƙin ne zai rage a hannun mutum, ruwan kuma ya tashi sama yana juyi, ya faɗa duk inda ya ga dama. Ba sai an sari wani abu ba, wani lokaci kaɗa shi a iska kawai ya isa.

Akwai kuma maganar nauyi. Mutane suna zaton takobin yaƙi abu ne da sai ƙato yake ɗagawa, alhali yawancin takubban hannu ɗaya na tarihi tsakanin kilo 1 ne da kilo 1 da rabi, wasu ma ba su kai ba. Maƙeran da suna sirantar da kaurin ruwan a hankali daga gindi zuwa tsini, shi ya sa takobin yake bin hannu. Na zamani mai araha kuwa daga farantin ƙarfe mai kauri ɗaya ake yanko shi, sai ka ji shi a hannu kamar sandar ƙarfe.

Cinikin biri a sama

Kafin zuwan intanet, mai son takobi sai ya je shago ko wurin gwanjo ya riƙe shi da hannunsa. Yanzu hoto yake gani ya tura kuɗi, kuma masu tallan sun san kalmomin da ke jan hankali: ƙirar hannu, shirye don yaƙi, an ninka ƙarfensa sau dubu. Babu wata hukuma da ke tantance waɗannan kalmomi.

Garin Longquan da ke lardin Zhejiang na China ya daɗe da suna wajen ƙera takubba, kuma a yau kaso mai yawa na sababbin takubba samfurin Japan da ake sayarwa a duniya daga can suke fitowa. Akwai maƙeru masu aiki mai kyau a garin, akwai kuma masu haɗa tarkace, kuma hotunan kayansu kusan iri ɗaya ne. Haka abin yake a Toledo ta Sifaniya, wadda takubbanta suka yi tashe a ƙarnonin baya, amma yawancin abin da ke shagunanta yanzu tsarabar 'yan yawon buɗe ido ce.

Dabaru biyu sun fi cin sababbin shiga. Takobin Japan na ainihi yana da wani zane kamar igiyar ruwa a gefen kaifinsa. Zanen yana fitowa ne saboda maƙeri ya shafa laka a jikin ruwan kafin ya tsoma shi, sai kaifin ya taurare, bayan kuma ya zauna da laushi. 'Yan algus sai su kwaikwayi zanen da burushin waya ko ruwan asid a kan ƙarfen da bai ga wannan aiki ba. Ana gane shi da yadda tudu da kwarinsa suke maimaita kansu daidai wa daida, kamar an buga da inji.

Dabara ta biyu ita ce sunan ƙarfen Dimashƙa. Ƙarfen da ya yi wannan suna a tarihi a tukunyar narkarwa ake dafa shi, akasari a Indiya, kuma sana'ar ta mutu tun ƙarni na 19. Abin da ake sayarwa da sunan a yau ƙarafa ne iri biyu da ake haɗawa a ninka, su ba da zane mai kyau. Idan maƙerin ƙwararre ne, kayan yana da inganci. Idan kuwa tarkacen gwangwani da rodi aka haɗa, zanen yana nan, amma ƙarfen ba ya riƙe kaifi, wani lokaci ma sai ya riƙa ɓarewa falle-falle. Wasu ko ninkawar ba sa yi, zanen kawai suke bugawa a sama.

Yawaitar waɗannan takubba masu araha ta kai ga Birtaniya ta kafa doka a watan Afrilun 2008, wadda ta hana sayarwa da shigo da lanƙwasassun takubba masu tsawon santimita 50 ko fiye a Ingila da Wales, saboda 'yan ta'adda na unguwa sun mayar da su makami. Dokar ta keɓe tsofaffin takubba da waɗanda aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya.

Algus ya girmi intanet

Wanda ya yi zaton ha'inci a wannan sana'a sabon abu ne, to ya duba takubban da ake kira Ulfberht. An ƙera su a Turai tsakanin ƙarni na 9 da na 11, zamanin mayaƙan Viking, kuma an tono kusan 170 a ƙasashe daban-daban, kowanne da wannan suna a jikin ruwansa. Masanin ƙarafa Alan Williams ya binciki 44 daga cikinsu, ya gano cewa kaɗan ne aka yi da ƙarfe mai tsabta da yawan kabon, kuma waɗannan duk salon rubutun sunan iri ɗaya ne. Sauran, masu haruffa a jirkice ko alamar kuros a wani gurbi, ƙarfensu bai kai ba, wasu ma na banza ne. Ke nan shekara dubu da suka wuce akwai maƙeran da ke satar sunan wani su manna a kayansu, akwai kuma mayaƙan da suka shiga fagen fama da jabu ba su sani ba.

Haka aka yi da hoton kyarkeci mai gudu, tambarin maƙeran garin Passau na Jamus. Da ya yi suna, sai maƙeran Solingen suka ɗauka suna bugawa a nasu. Haka kuma aka yi da sunan Andrea Ferara, wani maƙerin Italiya na ƙarni na 16. Sunansa yana jikin takubban Scotland masu tarin yawa na ƙarni na 17 da na 18, an rubuta shi ta hanyoyi barkatai, kuma yawancinsu a Jamus aka ƙera su bayan mutumin ya daɗe da mutuwa.

Daga Solingen zuwa Kano

Wannan tarihi ya biyo ayarin raƙuma ya iso ƙasar Hausa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. A lissafin da ya yi na kasuwancin birnin, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 a kowace shekara, kowanne a kan wuri 1,000, kuma kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne. Tsirara suke zuwa. A Kano ake sa musu mariƙi, dukawa su ɗinka kube da hamila, sannan su bazu zuwa ƙasar Buzaye da Nupe da Borno.

Mutanen wancan zamani sun san bambancin takubba sarai, kuma sunayen da suka bari sun nuna haka. Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya kawo sunaye irin su fatefate mai faɗi, da dunhu wanda ba shi da zane, da tamogashi mai layi uku a jikin ruwansa, da kuma tama, wato takobi mai araha. Tun a lokacin akwai na manya, akwai na ya-ku-bayi.

Tunda ruwan Turai ya fi daraja, sai maƙeran Sahara da na ƙasar Hausa da na Sudan suka shiga kwaikwayon tamburan da ke jikinsa: kyarkeci, zaki, ƙuda, da jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, waɗanda masu tarawa ke kira dukari. Lloyd Cabot Briggs ya yi nazari kan wannan a 1965, A.D.H. Bivar kuma ya rubuta littafi kan makaman Arewacin Najeriya a 1964, kuma har yau da su masu tara takubban yankin suke kafa hujja.

A nan ne mai tarawa na Turai yake yawan yin tuntuɓe. Zai ga takobin Buzaye a gidan gwanjo da jinjirin wata biyu a jiki, an rubuta cewa ruwansa na Jamus ne na ƙarni na 18, ya biya kuɗi masu kauri. Sai kaya ya iso ya ga layukan jikin ruwan a karkace, da alama da dutsen niƙa na inji aka fitar da su, tambarin kuma ya dushe saboda hatimin da aka buga shi da shi ya gaji. Da ya ɗan lanƙwasa ruwan sai ya tsaya a lanƙwashe. Abin da ya saya aikin ƙarni na 20 ne, daga farantin ƙarfe.

Sai dai masana suna jan hankali cewa ba kowane kwaikwayon tambari ne ha'inci ba. A wurin maƙerin Agadas ko na Kassala, alamar ta daɗe da zama wani ɓangare na kamannin takobi, kamar yadda aska take a wuyan riga, wasu ma suna ɗaukarta a matsayin alamar sa'a ko kariya. Mai saye na gida ya san wanda ya ƙera, babu wanda aka rufe. Ha'incin yana shigowa ne a hannun dillali na uku ko na huɗu, wanda ya san gaskiya amma ya ƙara wa takobin shekara ɗari biyu a takardar talla.

Kuma ƙirar gida ba ita ce rashin inganci ba. Maƙeran Kassala a gabashin Sudan sun shahara da ƙera kaskara daga sifirin ɗin manyan motoci, kuma wanda aka hore shi da kyau yana lanƙwasa ya dawo, yana riƙe kaifi, ya fi wasu tsofaffin na Turai da aka yi don fatauci kawai. Matsalar tana ga waɗanda aka yi musamman don baƙi: ruwa siriri kamar langa-langa, mariƙi mai walƙiya, kube mai launi, sannan a turbuɗe shi a ƙasa ko a shafa masa toka da mai don ya yi kama da tsoho. Wanda ya sayi irinsa a matsayin tsaraba, a farashin tsaraba, bai yi asara ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aka ce masa na kakan wani sarki ne shi aka cuta.

Ranar da makamin soja ya lanƙwashe

Rashin ingancin ƙarfe ya taɓa zama abin kunya ga babbar daula, kuma a Sudan abin ya faru. A yaƙe-yaƙen da sojojin Birtaniya suka yi da mayaƙan Mahadi a 1884 da 1885, har da karon Abu Klea na watan Janairun 1885, lokacin da suke hanyar kai wa Janar Gordon ɗauki a Khartoum, sojoji sun koka cewa banatin bindigoginsu da takubbansu suna lanƙwashewa a tsakiyar faɗa. Labarin ya cika jaridun Landan, aka tayar da maganar a majalisa, aka sake gwada makaman da ke runbunan soja, aka tarar da masu yawa ba su cika sharaɗi ba.

Abin mamakin shi ne an riga an san maganin matsalar. Tun 1844 Henry Wilkinson, mai kamfanin takubba a Landan, ya ƙirƙiro injin gwaji da ke lanƙwasa ruwan takobi yana kuma buga shi da ƙarfi, wanda ya tsira ne kawai ake sa wa hatimi. Hafsoshi masu sayen takobinsu da kuɗin aljihunsu suna iya zuwa irin wannan shago. Ƙaramin soja kuwa abin da ɗan kwangila ya kawo shi yake karɓa. Masu tara takubban sojan Birtaniya na wancan zamani har yau suna duba hatiman gwaji a gindin ruwa kafin su yi tayi, duk da cewa su ma hatiman an yi jabunsu.

Japan: takobi da takardar shaida

Babu ƙasar da ta tsaurara wannan harka kamar Japan. Maƙerin takobi sai ya yi aƙalla shekara biyar yana koyo a ƙarƙashin mai lasisi kafin a ba shi nasa, kuma ba a yarda ya ƙera dogayen takubba fiye da biyu a wata ba. Kowane takobi sai an yi masa rajista. Ƙungiyar kare takubban fasaha ta ƙasar, wadda aka fi sani da NBTHK, an kafa ta a 1948, kuma ita ce ke duba takobi ta ba shi takardar shaida mataki-mataki.

Duk da haka masu tarawa ba su tsira ba. Maƙeran Japan suna sassaƙa sunansu a wutsiyar takobi, kuma sa hannun ƙarya ya daɗe a ƙasar. Nagasone Kotetsu, maƙerin birnin Edo na ƙarni na 17, ya yi suna har ta kai masana suna cewa duk takobin da ka gani da sunansa ka fara ɗaukarsa jabu. A zamanin yaƙe-yaƙen basasa na ƙarni na 15 da na 16 an ƙera takubba da yawa cikin gaggawa don ƙananan mayaƙa, saboda haka tsufa kaɗai ba ya nuna inganci. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma an yi dubban takubban hafsoshi da ƙarfen ma'aikata, waɗanda dokar Japan ba ta ɗauke su aikin fasaha ba. Sojojin Amurka sun koma gida da su da yawa bayan 1945, kuma jikokinsu sukan kai su wurin masana da zaton dukiya ce, su dawo jiki a sanyaye. A saman wannan kuma ga jabun zamani da ake yi wa tsatsar ƙarya da rubutun da ɗan Japan ba zai iya karantawa ba.

Akwai aibi guda da ke kashe darajar takobin Japan gaba ɗaya, ko wane ne ya ƙera shi: siririn tsagu da ya ratsa kaifin a tsaye. Sau da yawa ba a ganinsa sai an goge ruwan, bayan mai shi ya riga ya biya kuɗin saye da na gugar.

Ɓarnar da mai takobi ke yi da hannunsa

Tsofaffin masu tarawa suna cewa takubban da masu su suka lalata sun fi waɗanda tsatsa ta ci. Mutum zai sami tsohon takobi mai duhun shekaru a jiki, sai ya ɗauko sanfefa ko ya kai wa mai injin wasa wuƙa don ya yi sheƙi. Cikin minti goma tambari ya shafe, layukan sun daidaice, shaidar shekarun ta tafi. A takobin Japan, goge tsatsar wutsiya kaɗai yana zubar da kaso mai yawa na kuɗinsa, domin da launin wannan tsatsa masana ke ƙiyasta zamaninsa. Abin da tsohon ruwa yake buƙata shi ne a share shi da tsumma mai laushi, a shafa masa mai kaɗan, a daina taɓa shi da yatsu, kuma kada a bar shi shekara da shekaru cikin kuben fata a ɗaki mai laima, domin fata tana riƙe danshi.

Ga mai niyyar saye kuwa, shawarwarin da suke bayarwa ba su da yawa. A tambayi irin ƙarfen da lambarsa, mai kayan da ya kasa faɗa a bar masa abinsa. A nemi hoton wutsiyar. A riƙe takobin a ɗan buga gindin mariƙin da tafin hannu, idan wani abu yana ƙara ko yana motsi, akwai matsala. A miƙa shi a hango tsawonsa da ido ɗaya don a ga ko ya karkace. A duba ko tsufan ruwa da na mariƙi da na kube sun yi daidai, duk da cewa a takobin Hausa da na Buzaye sabon kube a kan tsohon ruwa ba abin zargi ba ne, tunda an saba sabunta fata idan ta mutu. Kada a gwada lanƙwasa tsohon takobin da ba naka ba. Sannan a sayi takobin, kada a sayi labarin da aka haɗo shi da shi, sai in akwai takarda.

Abin da ke rataye a zaurukanmu

A ƙasar Hausa ba a cika samun masu tara takubba irin na Turai ba, amma takobi bai bar rayuwar jama'a ba. Yana kafaɗar mahaya a hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau, yana cikin kayan naɗin sarauta, ana sayar da shi a Kasuwar Kurmi da kasuwannin Agadas da Damagaram. Yawancin na hawa a yau don ado aka yi su, kuma babu laifi a hakan muddin mai shi ya san abin da ya rataya. Haɗarin yana ga matashin da zai zare irin wannan yana wulwulawa a cikin taro, bai san abin da ke riƙe da ruwan a cikin mariƙi ba.

Ɗaya asarar kuma a gidajen gado take aukuwa. Cikin dubban ruwan takobin da suka ratso Sahara a zamanin Barth da kafinsa, wasu suna nan a ɗakunan tsofaffi, kube ya zagwanye, ruwa ya yi baƙi. Magada sukan raina su, su sayar wa dillali a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ko su yi musaya da sabo mai walƙiya. Bayan wata 'yan watanni sai takobin ya ɓulla a kundin gwanjo a Turai. Dokar Najeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba tare da izini ba, kuma kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da ta ambata.

Saboda haka duk wanda ya gāji takobi, kafin ya kai shi wurin mai wasa wuƙa ko ya saurari tayin dillali, ya fara ɗaukar hotonsa, ya tambayi dattawan gidan wane ne ya riƙe shi da kuma inda ya je da shi, ya rubuta ya ajiye. Idan da hali ya nuna wa ma'aikatan gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano. Mai yiwuwa a ce masa tama ce ta jiya-jiya, mai yiwuwa kuma ya tarar ruwan ya girmi gidan da yake rataye a ciki.